Katafila, guduma ko zarto: da me za a cire gefen gini alhali ɗalibai na karatu a ɗaya gefen?

Ɗan ƙanwata ya same ni a Aboabo bayan sallar isha'i da takardu uku a hannu. Kamfanin da yake wa aiki ya samu kwangilar cire wani ɓangare na tsohon ginin lakca a wata jami'a a nan Kumasi. Bene ne mai hawa biyu, ƙasa da sama. Za a ɗebe ɗakunan ƙarshe har da barandar da ta leƙo waje, a bar sauran ginin ana ci gaba da karatu a ciki. Takardun nan farashi ne daga mutum uku. Mai katafila ya ce kwana uku ya gama. Shugaban wasu leburori ya nemi mako biyar da mutum 12. Na ukun masu yanka kankare da inji ne, kuɗinsu kuwa ya fi na kowa nauyi.

"Kawu," ya ce, "ni dai na katafilar nan ne ya kwanta mini. Mu shiga Juma'a da yamma, kafin Litinin an share wuri."

Na ce masa ya aje takardun tukuna. Na fi shekara 25 a wannan sana'a, daga ɗaukar kwanon siminti har na kai ga riƙe ma'aikata, kuma abin da na faɗa masa a daren shi nake so in shimfiɗa a nan, don na san akwai 'yan'uwa a Asawase da Ayigya Zongo da Nima da irin wannan aiki zai faɗo wa.

Rushe gini gaba ɗaya da cire gefensa sana'a biyu ce dabam. Tsohon ginin haihuwa na asibitin Komfo Anokye, wanda ya yi sama da shekara 40 a tsaye ba a kammala shi ba, da aka tabbatar ya yi rauni sai aka kawar da shi ɗungurungum. Babu mai kwana a ciki, babu ɓangaren da ake so ya tsira. Aikin ɗan ƙanwata ba haka yake ba. Abin da za a biya shi dominsa shi ne rabin da zai rage a tsaye, lafiya lau, da yara a ƙarƙashinsa. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna takardun uku.

Wanda bai taɓa fasa dekin ba, wato shimfiɗar kankaren da ke saman ɗaki, yana ganin kowane ɗaki zaman kansa yake. A ginin kankare mai rodi, rodin da ke cikin dekin ɗaki ɗaya yakan haye kan bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, ya shiga na ɗakin da ke kusa. Dekin biyun suna riƙe da juna kamar kaya a kan jaki: ka sauke na dama, na hagu ya rinjaya. Ɗakin da jiya yake tsakiya, yau ya zama na ƙarshe, cikinsa zai fi lotsawa fiye da yadda wanda ya zana shi ya lissafa. Baranda mai leƙowa ba ginshiƙi ta fi haɗari. Rodinta a sama yake, kuma jelarsa a cikin dekin ɗakin bayanta take a dasa. Idan aka fara fasa ɗakin kafin barandar, an kwance mata ɗauri ke nan, za ta faɗo a dunƙule ba tare da ta yi ko ƙara ba. Kankare mai girman mita ɗaya ta kowace fuska ya kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15, kowane murabba'in mita ɗaya nasa kilo 360 ne. Ɗaki mai mita 10 da mita 6, dekinsa kaɗai ya haura tan 21. Wannan ne ke saman kan mutane.

Nakiya ba ta cikin lissafi, don haka ba zan daɗe a kanta ba. A Kanbera ta ƙasar Ostireliya, ranar 13 ga Yulin 1997, an tarwatsa wani tsohon asibiti da nakiya, sai guntun ƙarfe ya tsallake tafki ya kashe yarinya 'yar shekara 12 da ke kallo daga nisan fiye da mita 400. A harabar makaranta babu filin da zai ɗauki wannan.

Katafila, wato injin haƙa mai dogon hannu da muke ɗaukowa haya, tana da abin yabo na gaske, kuma ba saurinta kaɗai ba. Babban alherinta shi ne babu ɗan Adam a kan bangon da ake karyawa. Direba na cikin akwatinsa daga nesa. Sannan aikin da ya ƙare a kwana uku, kwana uku kawai ya yi yana barazana ga masu wucewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa Tek Junction da safe ya ga yadda ɗaliban jami'ar KNUST ke kwarara ya san me kowace ƙarin rana take nufi a wurin da jama'a ba sa yankewa.

Matsalarta ita ce ba ta yanka, sai dai ta ja ko ta tura. In haƙorin bokitinta ya kama dekin ya finciko, rodin nan da ya ratsa zuwa ɗakin da ake so a bari shi ma an finciko shi. Wani lokaci tsagar ba ta fitowa a ranar. Sai bayan wata biyu a ga layi a silin, ruwa ya fara bi, rodi ya fara tsatsa. Haka kuma katafilar da aka fi samu haya tana kai tan 20. Tsofaffin makarantu cike suke da sokawe, wato ramukan ruwan ƙazanta, da tankunan ƙasa da kwalbatoci waɗanda ciyawa ta rufe, ba wanda ya tuna da su. Ƙafar inji ta burma cikin ɗaya yayin da hannunta ke riƙe da bango, an shiga uku. Akwai kuma maganar direba. Direbobinmu da yawa gwanaye ne, amma a haƙar ƙasa da lodin tifa suka goge. Karanta gini, sanin wane ginshiƙi ne ke ɗauke da wane, wani ilimi ne dabam, kuma ba laifin direba ba ne in ba a koya masa ba.

A Filadelfiya ta Amurka, ranar 5 ga Yunin 2013, ana rushe wani bene mai hawa huɗu da irin wannan inji, aka bar dogon bango a tsaye ba abin da ya tokare shi. Ya kife a kan shagon sayar da kayan gwanjo da ke manne da shi, shagon a buɗe, mutane na ciniki. Mutum 6 suka mutu. Ɗan kwangilar da direban injin duka sun tafi gidan yari. Na ba ɗan ƙanwata wannan labarin ne domin fasalin aikin ɗaya ne da nasa: gini na faɗuwa a nan, rayuwa na tafiya a bayan bango.

Aikin hannu shi ne wanda muka gada, guduma da kurfi da diga, yanzu kuma da injin fasa kankare mai aiki da lantarki ko iska. Ana farawa daga sama a sauko, a bi ginin baibai da yadda aka gina shi: rufi, silin, ƙofofi da tagogi, bulo, dekin, bim, ginshiƙi a ƙarshe. Ƙarfinsa shi ne ido. Mai guduma yana ganin abin da ya buɗe kafin ya ƙara bugu. In ya tarar da rodi inda zane bai nuna ba, ko wayar wuta a cikin bango, zai tsaya ya kira ka. Kayan da suka fita ma suna fita da mutunci, ƙofar katako mai kyau da tagogi da bulo ana iya sake amfani da su. Kuma kuɗin yana shiga aljihun samarinmu masu aikin yini, waɗanda muke kira baide. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Sai dai haɗarin da katafila ta ɗauke daga kan lebura, aikin hannu ya mayar masa da shi. Na sha ganin yaro tsaye a kan bangon da yake fasawa, silifas a ƙafa, ba igiya ba hular kwano. Dole a kafa dandamali a gefe, mai tsayuwa da ƙafafunsa, a kansa za a tsaya. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne tara baraguzai a kan dekin sama ana jiran a kwashe gaba ɗaya. Dekin aji an yi shi ne don kujeru da mutane, ba don tulin bulo mai kai ƙugu ba. A riƙa saukar da su kullum ta rufaffiyar magudana zuwa cikin shinge, kada a wurgo ko guda ɗaya. Sannan mako biyar mako biyar ne: ƙura, ƙara, tifa na shiga na fita, masu gadi sun fara sabawa sun sassauta.

Akwai abin da na koya da tsada game da injin fasawa. Shekarun baya a wata makaranta, muna fasa dekin wani ɗaki da babban inji ranar Asabar. Ajin da ke gefe a kulle yake, ban ko leƙa shi ba. Da la'asar mai gadi ya buɗe, ya kira ni. Filastar silin ta ɓanɓaro faifai guda, faɗinta ya kai tabarma, ta faɗo a kan jerin kujerun gaba, ta tsaga teburi ɗaya gida biyu. Na tsaya ina kallon alli da littafin da wata yarinya ta manta a ƙarƙashin tarkacen. Ba mu taɓa ajin ba ko da yatsa. Bugun injin ne ya bi rodi da bim ya ratsa can. Tun ranar ban ƙara yarda a ɗora inji a kan dekin da bai rabu da na makwabcinsa ba. Ƙarar ma haka take tafiya: ta cikin ƙashin ginin, ta fito a ɗaki na biyar kamar a kanka ake bugawa, rufe taga ba ya maganinta. Ma'aunin ƙara na hukumar kare muhalli ta Ghana ga wuraren karatu da asibitoci desibel 55 ne da rana, injin fasawa kuwa yana haura 100 a kunnen mai riƙe da shi.

Nan ne zarto ya shigo, kuma a nan zan fi daɗewa don shi ne mutanenmu suka fi rainawa. Zarto mai haƙoran daimon yana yanka kankare da rodin cikinsa a layi ɗaya, santal, ba bugu ba fincika. Yana da ƙara mai tsini, amma ba ya girgiza gini. Da ruwa yake aiki, saboda haka ƙurarsa kaɗan ce. Da zarar an tokare ƙasan dekin ta gefe biyu aka ja layin yankan daga wannan bango zuwa wancan, ɓangaren da za a cire ya zama gini mai zaman kansa. Duk abin da za a yi masa bayan nan ba ya isa ga ɗalibai ta cikin rodi.

Tsadarsa gaskiya ce. Manyan zartunan da ake ɗaurewa a jikin bango, da na waya mai zagaye bim, a iya abin da na gani sau da yawa sai an ɗauko su daga Accra ko Tema tare da masu sarrafa su. Suna son ruwa mai gudu da wuta mai ƙarfi ko janareta babba. Ruwan yankan yana fita kamar kunu, in ya shiga kwata ya daskare sai ya toshe ta, don haka sai an tare shi an kwashe. Guntun da aka yanka kuma ba ya tashi da kansa. Mita ɗaya da mita ɗaya kilo 360 ne, ba a ɗaukarsa a ka, sai motar ƙugiya ko a ƙara ragargaza shi. Wanda ya ce zai yanka ginin gaba ɗaya gunduwa-gunduwa, gaskiya zai ƙone kuɗi a banza a aiki irin wannan. Irin wannan tsarin na asibiti ne, ko ɗakin gwaje-gwaje mai na'urorin da ba sa son motsi ko kaɗan.

Amma ba dole ne a yanka ko'ina ba. Layi ɗaya ake bukata, wato mahaɗar. Ƙaramin zarto mai fetur da ake riƙewa a hannu, mai faifan santimita 35, yana nutsewa kusan santimita 12. A dekin mai kaurin 15 saura kaɗan ke nan, ana ƙarasa shi da kurfi da ƙaramin inji, rodin ƙasa a datse shi da giranda. Zarton da ake yanka kwalta da shi yana shiga fiye da haka. Bim kuwa ana iya huda shi ramuka a jere da injin huda har su haɗu. Waɗannan duk ana samunsu ba sai an je nesa ba. Kafin ma a kai nan, a zagaya ginin a duba ko magina na farko sun bar rata. Dogayen gine-ginen makarantu na shekarun 1950 da 1960, zamanin da aka kafa kwalejin da ta zama KNUST, da yawa an raba su da siririyar rata daga sama har ƙasa, ginshiƙi biyu kafaɗa da kafaɗa, an cusa abu mai laushi a tsakani. In layin rushewarka ya faɗa kan irin wannan, Allah ya yanke maka wahala. In ya kauce mata da ɗaki ɗaya, ya cancanci a koma a roƙi masu ginin su matsar da layin.

To, abin da na ce wa ɗan ƙanwata ke nan: kada ya zaɓi takarda ɗaya, ya ɗebi abin da kowace ta fi iyawa. A biya masu zarto kuɗin layin rabuwa kaɗai. Leburori su sauke rufi da baranda da bangon sama da hannu, barandar tun dekin bayanta na nan daram. Katafila ta shigo a ƙarshe, bayan an raba, ta kwantar da abin da ya rage tana jawo shi nesa da ginin da za a bari, ta loda tifa. Harsashin da ke kusa da layin ma da hannu za a bi shi, don wataƙila ginshiƙin da ya rage yana zaune a kan gindi ɗaya da wanda aka cire. Kuɗin zai fi na mai katafila shi kaɗai, bai kai na masu zarto shi kaɗai ba. Araha ba ta ado, balle a inda tsaga ɗaya za ta iya cinye ribar kwangilar duka.

Ya ce, "Kawu, to wa zai nuna inda za a yanka da inda za a tokare?" Na ce ba ni ba, ba kai ba. Injiniyan ƙarfin gini mai rajista ne zai zo ya duba, ya fasa fatar kankare a wurare ya ga rodin da idonsa, ya rubuta jerin matakai ya sa hannu. Tsohon zane in an same shi abin taimako ne, amma gini mai shekara 50 an sha yi masa ƙari da kwaskwarima. Ba kuma kowane kankare ne yake yadda ake zato ba. Ginin kantin Melcom na Achimota a Accra da ya rufta ranar 7 ga Nuwamban 2012 ya ci rai 14, ba wanda yake rushe shi, shi ya gaza ɗaukar kansa. Tokarar ma ta ƙarfe za a sa, mai zare da ake ɗaurewa, daga dekin sama har ƙasa a kan layi ɗaya. Gora tana da amfaninta wajen zuba sabon dekin, ban yarda da ita a nan ba. Izinin rushewa kuma a karɓe shi a rubuce daga majalisar yankin, kamar yadda dokokin gini suka tanada, ban da amincewar ofishin ayyuka na jami'ar. A nemi inshorar da ta rufe ma'aikata da masu wucewa.

Abu biyu ba ruwansu da wace hanya aka zaɓa. Na farko kwanon asbesto, wanda muke kira silet, da silin irinsa. Tsofaffin makarantu cike suke da shi. In yana zaune lafiya bai cika cutarwa ba, in aka farfasa shi zarensa na shiga huhu, ciwon kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 yake bayyana. Ɗalibi ɗan shekara 19 yana da waɗannan shekarun a gabansa, haka yaron da ke kan rufin. A jiƙa shi, a kwance ƙusoshinsa, a sauke shi ɗai-ɗai bai karye ba, a naɗe a leda mai kauri, a tambayi hukumar muhalli inda za a kai shi. Wannan kaɗai ya isa ya hana katafila taɓa rufin. Ina kuma roƙon 'yan'uwa, kada a sayar da shi. Na san inda yake ƙarewa: rufin kicin da akurkin kaji a zangonninmu. Ƙurar kankare ita ma tana cin huhu a hankali, kuma takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare ta, sai mai matata na gaske da tiyon ruwa a bakin aiki.

Na biyu 'yan kwandem, masu sayen tsohon ƙarfe. Za su zo, wani ma ya ce zai rushe maka kyauta ka bar masa ƙarfen. Mutanenmu ne, neman halali suke, amma idon mai neman ƙarfe a kan rodi yake, rodi kuwa shi ke riƙe da ginin. A yi ciniki da su a bakin shinge, bayan ƙarfen ya sauko ƙasa.

Saura lokaci. Shawarar Juma'a zuwa Litinin ba ta bar wurin da za a tsaya in an tarar da abin da ba a zata ba, kuma kullum ana tararwa. Aikin dare ya fi muni: ido ba ya ganin tsaga, ma'aikata sun gaji, ɗakunan kwanan ɗalibai na kusa. Dogon hutu shi ne daidai, sai dai kada a ɗauka hutu na nufin ba kowa. Akwai masu karatun hutu, masu karatu daga nesa da ke zuwa ƙarshen mako, masu sake jarrabawa, ma'aikatan ofis. A karɓi kalandar daga hannun hukumar makaranta. Ko da hutu ko ba hutu, ɗakunan da ke manne da layin, sama da ƙasa, a kwashe mutane a kulle su har a gama, ranar yanka da ranar katafila kuwa ginin duka ya zama fayau. A kafa shingen kwano mai tsayin da ba a leƙawa, a buɗe wa ɗalibai wata hanya mai sauƙi, don in zagayen ya yi nisa za su tsaga ta inda suka saba. Kowace tifa ta samu mai tuta yana tafe a gabanta. A duba matakala: in ɓangaren da za a cire shi ke ɗauke da matakala ta biyu, to ɗaruruwan yara sun koma mafita ɗaya in gobara ta tashi, sai an kafa wata kafin a taɓa wannan, a kuma sanar da 'yan kwana-kwana. Wuta da ruwa da wayar intanet da bututun gas na ɗakin gwaji, a yanke su daga tushe, mai lantarki ya gwada da na'ura a gabanka.

Yanayi ma yana da nasa. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, aiki ba ya tsayawa, amma ƙura na tafiya nesa, ruwan fesawa zai ninka. Damina a Kumasi biyu ce, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan sama na kwantar da ƙura, sai dai yana sa santsi a dandamali, yana tausasa ƙasar da tokara da katafila suke kai.

Fuskar da aka yanka kuma, bangon ciki ne da bai taɓa ganin ruwa ba ya wayi gari a waje. Kan kowane rodi da zarto ya datse yana nan tsirara. Na sa ɗan ƙanwata ya ƙara layi a farashinsa tun a daren: a shafe kawunan rodin da maganin tsatsa a rufe su da siminti, a yi wa bangon filastar waje, a gyara bakin rufi da indararo, injiniya ya dawo ya duba alamomin da aka manna a kan tsofaffin tsagogi, sannan a kwance tokara ɗaya bayan ɗaya kafin a mayar da kujeru.